Ba a fafe gora ranar tafiya: maganar fitar da marar lafiya daga ɗakin farfaɗowa

A manyan gidajen likita na ƙasar Nijar, kamar na Yamai da Damagaram da Maraɗi, akwai wani ɗaki da ba kowa ke shiga ba. Ma'aikata suna kiran shi reyanimasiyon, jama'a kuwa suna cewa ɗakin farfaɗowa. Nan ake kwantar da wanda ciwo ya kai shi rai kwakwai mutu kwakwai: macen da jijjigar haihuwa ta kama, saurayin da ya yi hatsarin moto ya bugu a kai, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa ma ƙwaƙwalwa, manomin da cutar sarƙe haƙora ta shige shi ta wani ɗan rauni a ƙafa, ko wanda aka yi ma babban aiki a ciki bayan hanji ya huje. Dangi kuwa suna waje bisa tabarmi, suna jiran a kira su.

Ranar da likita ya fito ya ce an samu sauƙi, za a maida marar lafiya babban ɗakin jinya, to, ranar murna ce. Ana buga salula ƙauye, ana godiya ga Allah, wani ma har sadaka yake fitarwa. Murnar tana bisa hanya, domin ba duk wanda ya shiga ɗakin ke fitowa da rai ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Mutumin da aka turo waje bisa gado mai taya bai warke ba tukuna. Abin da ya faru shi ne, ciwon ya sauko daga matakin da sai na'ura ke iya riƙe shi zuwa matakin da hannun mutane zai iya. Hannun nan kuwa, a gidajen likitar ƙasar nan, sau da yawa na uwa ne, ko na mata, ko na ƙane, wanda ba a taɓa koya masa komi ba game da jinya. Saboda haka ya kamata magabata da ma'aikata da iyalai su ɗauki wannan fita a matsayin aiki mai zaman kansa, wanda ake shirya ma lokaci, da bayani, da wurin kwanciya da ya dace.

Asalin ɗakin da dalilin fita daga cikinsa

Ɗakin farfaɗowa bai daɗe ƙwarai a duniya ba. A shekarar 1952 annobar shan inna ta faɗa ma birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak, mutane da yawa suka kasa yin numfashi da kansu. Wani likita mai suna Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa hura ma marar lafiya iska da hannu. Ɗaliban makarantar likita suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar iska, aka ceci rayuka masu yawa. A 1953 aka buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan marasa lafiya a birnin, a 1954 kuma aka buɗe irinsa a Paris. Tun daga farko ke nan, ƙarfin wannan ɗaki shi ne idon da ba ya barin marar lafiya. Shi ya sa dokar da Faransa ta yi a 2002 ta ce a sa ma'aikatan jinya 2 ga marasa lafiya 5 a reyanimasiyon.

A Nijar an samu ci-gaba, musamman da buɗe babban gidan likita na ƙasa mai gado 500 da aka ƙaddamar a Yamai a 2016. Amma ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 25, gadajen farfaɗowa kaɗan ne, kuma annobar korona ta 2020 ta nuna haka a fili. Duk gadon da mutum ɗaya ya riƙe, akwai wani da ke jiransa a ɗakin taimakon gaggawa ko a ɗakin aiki. Ban da haka, daɗewa cikin ɗakin ba tare da bukata ba yana da nashi hatsari, domin ƙwayoyin cuta masu ƙin jin magani sun fi yawa a wurin da ake yawan amfani da robobi da allurai. Don haka fitar da mutum ba kora ba ce. Sai dai in ba a yi ma dangi wannan bayani ba, sai su ɗauka an fitar da nasu ne don kuɗinsu sun ƙare, ko don an kawo wani mai galihu, ko don likitoci sun fid da rai. Wannan zato shi ne mafarin rashin yarda tsakaninsu da ma'aikatan ɗakin da za su shiga.

Abin da marar lafiya ke fitowa da shi

Abu na farko shi ne rashin ƙarfi. Naman jiki yana zubewa da sauri ga wanda ke kwance cikin ciwo mai tsanani. Wani bincike da aka yi a Landan aka bayyana a 2013 ya auna naman cinyar marasa lafiya a ɗakin farfaɗowa, ya tarar ya ragu da wajen kashi 18 bisa 100 cikin kwana 10 kaɗai. A Toronto ta ƙasar Kanada an bi mutum 109 da suka tsira daga mummunan ciwon huhu. Sakamakon da aka bayyana a 2003 ya nuna sun fito sun rasa kashi 18 bisa 100 na nauyinsu, kuma bayan shekara guda wajen rabinsu ne kawai suka koma bakin aiki. Wannan a ƙasar da ke da abinci da masu motsa gaɓoɓi ke nan. Manomin da ya kwanta lokacin noman farko, kada a yi mamaki in girbi ya zo bai iya ɗaukar damin hatsi ba. Ba ragwanci ba ne, ƙarfin ne ciwo ya cinye.

Abu na biyu shi ne maƙogwaro da fata. Wanda aka sa ma robar numfashi kwanaki yakan fito da dusashshiyar murya, haɗiya kuma tana yi masa wuya. In aka yi gaggawar ɗura masa ruwa ko fura yana kwance, abin yana iya bin hanyar iska ya shiga huhu, ya haifar da sabon ciwo. Fatar baya da ta ɗuwawu da ta diddige kuma tana iya buɗewa ta zama gyambo saboda daɗewa a kwance wuri ɗaya.

Abu na uku, wanda aka fi jahilta, shi ne ruɗewar hankali. A ɗakin farfaɗowa fitila ba ta mutuwa, na'urori suna ƙara, magungunan barci suna aiki, mutum ba ya bambanta dare da rana. Da yawa suna ganin abin da babu shi, ko su yi zaton ana son a cuce su. Wani bincike da aka yi a birnin Nashbil na Amurka a kan mutum 821, wanda aka bayyana a 2013, ya tarar kashi 74 bisa 100 sun yi irin wannan ruɗewa a gidan likita. Bayan shekara guda, wajen mutum 1 cikin 3 na waɗanda aka sake aunawa tunaninsu bai koma daidai ba, kamar wanda ya taɓa buguwa a kai. A 2010 likitocin wannan fanni suka yi taro a Amurka suka ba abin suna guda, wato ciwon bayan farfaɗowa, wanda ya haɗa raunin jiki, da raunin tunani, da damuwar zuciya.

A ƙasar Hausa, in dattijo ya fito yana sambatu, bai gane ɗansa ba, ko yana firgita cikin dare, abin da ke fara zuwa ma dangi shi ne iskoki ko sammu. Wani kuma kunya ce ke kama shi, ya ɓoye ma ma'aikata kada a ce mahaifinsa ya taɓu. Addu'a tana da matsayinta, babu mai hana ta. Amma wajibi ne a gaya ma likita, domin sabuwar ruɗewa tana iya zama alamar zazzaɓi, ko ƙarancin iska a jini, ko saukar sukari, kuma duk waɗannan suna da magani in an gano su da wuri.

Babban ɗaki wata duniya ce daban

Jiya akwai na'ura bisa kan marar lafiya tana ƙirga bugun zuciyarsa dare da rana, ma'aikaci kuma yana kusa. Yau yana cikin ɗaki mai gadaje da yawa, ma'aikaci ɗaya ko biyu ne ke gadin dare, suna kuma duba wasu ɗakuna. An cire masa wayoyin da ya saba gani. Ga lafiyayye wannan alamar sauƙi ce, amma ga shi marar lafiya sau da yawa tsoro ne: wa zai lura in numfashi ya sake tsayawa? Yakan ji kamar an yada shi. Ma'aikatan sabon ɗakin kuma ba su san shi ba, ba su ga halin da ya shiga ba, sai abin da ke rubuce cikin takarda, in har takardar ta biyo shi.

Wannan tsoro yana da tushe. Wani babban bincike da aka yi a gidajen likita 180 na ƙasashen Afirka 22, aka bayyana a 2025, ya duba marasa lafiya kusan 20,000. An tarar mutum 1 cikin 8 yana cikin mawuyacin hali, kuma kusan kashi 70 bisa 100 na waɗannan suna kwance ne a manyan ɗakuna na kowa da kowa. Cikin masu mawuyacin halin, 1 cikin 5 ya rasu kafin kwana 7. Fiye da rabinsu ba su samu cikakken taimakon farko da suke bukata ba, irin su iskar oksijen, da ƙarin ruwa, da gyara kwanciyar wanda ya suma don kada hanyar numfashi ta toshe. Ke nan babban ɗaki shi ne wurin da mutum ke taɓarɓarewa ba a gani ba.

Lokacin fita ma yana da muhimmanci. A Ingila wani bincike na shekarar 2000 ya nuna waɗanda aka fitar daga ɗakin farfaɗowa cikin dare sun fi mutuwa a kan waɗanda aka fitar da rana. A 2007 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a ƙasar ta ce a guji fitar da marar lafiya tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 7 na safe. Dalilin a fili yake: da dare ma'aikata sun fi ƙaranci, manyan likitoci sun tashi, kuma fitar dare yawanci gaggawa ce ta neman gado.

Nauyin da ke bisa mai jinya

A gidajen likitar ƙasar nan, mai jinya shi ne ke wanke marar lafiya, ya ba shi abinci, ya zubar da fo, ya juya shi, ya kai jini wurin awo, ya ruga farmasi da takardar magani. Lokacin da marar lafiya ke ɗakin farfaɗowa, ma'aikata ne ke yin mafi yawan aikin jiki. Ranar fita, duk nauyin yakan sauko bisa kan dangi rana ɗaya, alhali sun riga sun gaji. Sun yi kwanaki suna kwana a waje, cikin sauro ko sanyi, ba su ci da kyau ba. A Faransa an tambayi dangi 284 bayan wata 3 da fitar nasu ko rasuwarsa, aka bayyana a 2005 cewa 1 cikin 3 yana da alamun firgici mai daɗewa. Matar da ta bar ƴaƴa ƙanana a wani ƙauye na jihar Tawa ta zo birnin da ba ta san kowa ba, nata nauyin bai gaza wannan ba.

Sai maganar kuɗi. Hukuma ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa tun 2005, da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 tun 2006, a 2024 kuma ta rage kuɗin da ake biya a gidajen likita na gwamnati da rabi. Wannan taimako ne babba. Amma maganin da ake saye waje, da abinci, da kuɗin mota, suna bisa wuyan iyali. Kafin a fito daga ɗakin farfaɗowa an riga an sayar da tunkiya, an taɓa hatsin rumbu, an ci bashi. To, in dangi suka ji an ce ya fita daga hatsari, ga aljihu ya bushe, sai su yanke shawarar ɗaukar shi a koma gida a ƙarasa da na gargajiya. Irin wannan tafiya ta kan jawo a yi asarar duk wahalar da aka sha. Da an zaunar da babban gida an gaya masa kwana nawa ake tsammani, da maganin da ba a iya tsallakewa, da wanda za a iya samun mai sauƙin kuɗi a madadinsa, da shawarar ta canza.

Misalin yana cikin gida

Ba sai an tafi Turai neman dabara ba. Iyaye mata da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san cibiyoyin kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ake kira CRENI. Aikinsu ya bunƙasa tun yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar. A waɗannan cibiyoyi ba a ɗauke yaro daga matakin tsanani a kai shi matakin ƙoshi kai tsaye. Da farko ana ba shi madara mai sauƙi, F-75, kaɗan-kaɗan, dare da rana. In sha'awar abinci ta dawo, kumburi ya fara saɓewa, sai a shigar da shi wani mataki na tsakani, kwana 2 ko 3, inda ake canza masa abinci sannu a hankali ana lura da shi. In zawo ya taso, ko numfashi ya canza, ko kumburi ya ƙaru, a maida shi matakin farko ba tare da jayayya ba. Duk tsawon lokacin uwa tana gefensa, ana nuna mata yadda za ta ba shi madara, da wanke hannu, da abin da za ta gani ta yi kira. In an sallame shi kuma, ana haɗa ta da gidan likita na kusa da garinsu, inda za ta riƙa kai shi awo kowane mako.

Abubuwa huɗu ne cikin wannan tsari: ƙa'idar da aka rubuta ta wucewa daga mataki zuwa mataki, da matakin tsakani, da koyar da mai jinya, da bibiya bayan sallama. Ma'aikatan Nijar ne ke gudanar da shi shekara da shekaru, da kayan aiki marasa tsada. Abin da aka iya yi ma yaro mai tamowa, babu dalilin da zai sa a kasa yi ma uwarsa in jijjiga ta kai ta ɗakin farfaɗowa.

Abin da ake jira daga magabata da ma'aikata

Na farko, a sanar da dangi tun da wuri. In likita ya ga alamar za a fitar da mutum gobe ko jibi, a faɗa yau, cikin harshen da suke ji, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko wanda ya samu. A gaya ma shi kansa marar lafiya, in yana cikin hankalinsa, abin da ya same shi da dalilin cire na'urori, domin da yawa ba su tuna komi na kwanakin da suka wuce.

Na biyu, a yi fitar da rana, gara da safe, lokacin da manyan ma'aikata suke nan. In larura ta sa aka fitar da mutum da dare, a rubuta haka, a kuma sa wani ya zo ya duba shi kafin gari ya waye.

Na uku, ma'aikacin da ya yi jinyarsa ya raka shi har sabon ɗaki, ya miƙa shi hannu da hannu ga wanda zai karɓa, tare da takarda guda mai ɗauke da ciwon, da aikin da aka yi, da magunguna da lokutansu, da abin da ake tsoro.

Na huɗu, a keɓe gadaje kaɗan kusa da teburin ma'aikata a kowane babban ɗaki, a tanadi iskar oksijen da ɗan abin auna iska da ake maƙalawa a yatsa, domin waɗanda suka fito su yi kwana 2 ko 3 a nan kafin a matsa da su ciki. Wannan shi ne matakin tsakani.

Na biyar, wani daga ɗakin farfaɗowa ya riƙa zagayowa sau ɗaya a yini, cikin kwanakin farko, ya duba waɗanda suka fitar. Shi ya san yadda suke, shi zai fi saurin ganin canji, ganinsa kuma yana kwantar da hankalin marar lafiya.

Wani zai ce ma'aikata ba su isa ba, ina za su samu lokacin wannan duka? Maganar tana da ƙarfi, kuma akwai shaida a kanta. An gwada tsarin ƙara sa ido ga waɗanda aka yi ma aiki a gidajen likita fiye da 300 na ƙasashen Afirka 28, sakamakon da aka bayyana a 2021 ya nuna mace-mace ba su ragu ba, domin a wurare da yawa ma'aikata sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka so saboda yawan aiki da ƙarancin kaya. Darasin shi ne, takardar umurni daga ofis ba ta wadatarwa. Dole a ƙara ma'aikatan jinya a manyan ɗakuna, a kuma sa wannan darasi cikin karatun makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram. Amma akwai hannun da ke nan a gefen gado dare da rana ba a biyan shi ko dala. A garin Mbale na ƙasar Yuganda an koya ma dangi auna bugun zuciya da numfashi da sauran alamu ga waɗanda aka yi ma aiki, sakamakon da aka bayyana a 2024 ya nuna yawan awon da ake yi ma marar lafiya a yini ya ƙaru ƙwarai. Mai jinya ba zai zama likita ba, amma zai iya zama idon likita in an ba shi rabin awa na koyarwa.

Abin da ake jira daga iyalai

Iyali su zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa su tsaya bisa jinyar, maimakon a riƙa canza mutum kullum, bayani yana ɓacewa a hanya. In akwai wanda ya yi yaƙi da jahilci cikin dangi, ga ranar amfanin karatunsa. Ya sayi kaye da alƙalami, ya riƙa rubuta kwanan wata, da maganin da aka ba da da lokacinsa, da abin da marar lafiya ya ci, da sau nawa ya yi fitsari, da abin da likita ya faɗa a zagayen safe. Da boko ko da ajami, duka ɗaya ne. Wannan kaye zai taimaki ma'aikacin dare, zai taimaki likitan garinsu bayan sallama, zai kuma taimaki marar lafiya ya san abin da ya faru cikin kwanakin da suka ɓace masa.

Akwai alamun da in mai jinya ya gani, ya kira ma'aikaci nan take, ko da tsakar dare ne, ba tare da jin nauyi ba. Numfashin babban mutum yana tsakanin 12 da 20 a minti guda. Ana iya ƙirgawa da agogon salula, in ya kai 25 ko ya wuce, a yi kira. Haka kuma in barci ya yi nauyi har tada shi yana wuya, ko ya shiga sabuwar ruɗewa, ko jiki ya yi zafi, ko hannu da ƙafa suka yi sanyi yana gumi, ko ya yi rabin yini bai yi fitsari ba, ko jijjiga ta dawo, ko jini ko ruwa mai wari yana fita daga wurin aiki. Ga mai jego da ta yi jijjiga, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi alamu ne da ba a jira da su. Ma'aikaci kuma ya karɓi kiran da fuska sake, domin mai jinyar da aka yi ma tsawa sau ɗaya ba ya sake kira.

Kada a ba da abinci ko ruwa sai ma'aikata sun yarda. In sun yarda, a tada shi zaune, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi tari ko ya ƙware, a dakata a faɗa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kowace awa 2, a kiyaye shimfiɗa a bushe. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi da bayan an taɓa. In likita ya ce ya fara zama bakin gado ko taka ƙasa, a taimaka masa ya yi, ko da yana ƙi, domin motsi ne ke maido da ƙarfi. Kada a ba shi jiƙo ko sassaƙe a ɓoye, saboda ƙoda da hanta da suka sha wahala ba su ɗaukar abin da lafiyayye ke ɗauka.

Dubiya al'ada ce mai kyau, kuma tana ƙarfafa zuciyar marar lafiya. Amma mutum 10 a kan gado ɗaya, kowa da tambayarsa, gajiya ce gare shi, kuma hanya ce ta kawo masa mura da tari. Masu dubiya su shiga bibbiyu, su gajarta, su bar shi ya yi barci. Wanda ke son ya taimaka da gaske, ya karɓi mai jinya na yini guda ta samu ta huta, ko ya kawo abinci, ko ya sa hannu cikin kuɗin magani.

Bayan an koma gida

Sallama daga gidan likita ita ce fita ta biyu, kuma ita ma tana son shiri. A rubuta cikin karnen marar lafiya abin da ya same shi da ranar da zai dawo, a kuma haɗa shi da gidan likita na kusa da garinsu, kamar yadda ake yi ma yaran CRENI. Dangi su sani ƙarfi yana ɗaukar watanni kafin ya dawo, mantuwa da saurin fushi da mugun mafarki kuma suna iya biyo mutum har gida. Maigidan da ya ga matarsa ta kasa daka ko ɗaukar ruwa bayan wata biyu, ya yi haƙuri da ita, ya samo mata mai taimako. Shugaban ma'aikatar da ma'aikacinsa ya dawo yana jan jiki, ya sassauta masa aiki na ɗan lokaci.

Ƙasa tana kashe dukiya mai yawa wajen sayen na'urori da horar da likitocin farfaɗowa, iyalai kuma suna sayar da abin da suka mallaka don a ceci nasu. Bai kamata ran da aka ceto da wannan tsada ya salwanta a babban ɗaki don an rasa mai ƙirga numfashi ba. Shugabannin gidajen likita suna iya fara abu uku tun wannan wata ba tare da jiran sabon kasafi ba: su hana fitar dare sai bisa larura, su matso da gadajen waɗanda suka fito kusa da teburin ma'aikata, su kuma sa a koyar da kowane mai jinya kafin a miƙa masa marar lafiyarsa. Sauran, wato ƙarin ma'aikata da iskar oksijen, yana hannun ofishin ministan kiwon lafiya. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka ma masu jinya da alheri.